Abawa Biyu, Zare Huɗu

Jitar ta shigo gidanmu a cikin buhun taki, wuyanta a waje kamar agwagwar da za a kai kasuwa. Ni na rungumo ta tun daga Ƙanƙara, inda nake karatun sakandare, har ƙauyenmu da ke kusa da Mairuwa. Duk wanda ya tambaye ni a mota abin da ke cikin buhun sai in ce kayan makaranta ne. Ban yi ƙarya ba, a makaranta na same ta.

Wani ɗan bautar ƙasa da ya koya mana lissafi ne ya bar mani ita. Da wa'adinsa ya cika, kayansa suka cika bayan mota, direba ya rantse ko allura ba za ta ƙara shiga ba. Malamin ya tsaya da jita a hannu yana duban ɗaliban da suka rako shi tasha. Akwai masu baki, akwai masu rawa, akwai wanda tun a hanya yake ta cewa, "Malam, ni fa." Ya tsallake su duka ya miƙo mani, ni da na raɓe a bayan kowa da littafi a hammata. Ya ce da 'yar Hausarsa ta koyo, "Kai ba magana. Wannan zai yi maka magana." Mota ta fara tafiya ya leƙo ta taga ya ƙara da cewa, "In waya ya tsinke, lamba goma!" Ban gane ba, ban kuma tambaya ba, don tambaya ma magana ce.

Bawan Allah bai san gidanmu ba.

Baba manomi ne, masara da waken suya da 'yar auduga, kuma ya yi karatun allo har ya sauke. Ba ya faɗa, ba ya duka, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Hukuncinsa gajere ne, in ya yanke kuwa ba ya komawa kansa. Na iske shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, idonsa a kan buhun.

"Wannan kuma fa?"

"Kyauta ce, Baba. Malaminmu ne..."

"Fiddo ta."

Na fiddo. Ya dube ta daga kai har gindi, irin duban da yake yi wa akuyar da dillali ya cika yabo.

"Garayar Turawa," ya ce. "Ka dai san gidan ga ba a gaji kiɗa ba. Kana da ƙanne mata. Ba na son gobe a riƙa nuna su ana cewa 'yan gidan makaɗi."

Na sunkuyar da kai ina jiran saura.

"Amma kyautar malami ba a yar da ita. Ta zauna yadda kai kake zaune. Ba a jin ka, kada a ji ta. Ranar da kunnena ya ji ƙararta, ranar za ta hau motar Funtuwa a kai ta kasuwa, ko kuwa uwarka ta sami iccen girki."

Da a shekarun baya ne, da sai in ɗauke ta in tafi gonarmu ta nesa, in zauna gindin dutse in yi ta bugu daga ni sai tsuntsaye. Amma a lokacin, saboda rashin tsaro, an daina zuwa gonar nesa sai da dalili mai ƙarfi, na kusa ma kafin rana ta yi sanyi kowa ya dawo gida. Ya zama dole in nemi maɓoya a cikin gidan, kuma ban sha wahalar nema ba. Ɗakin Kaka yana can ƙuryar gida, bayan rumbuna.

Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Kunnenta ya yi nauyi tun ina firamare. Abin da take ji a duniya uku ne: tsawa, injin niƙa, da kuma, a faɗarta, duk gulmar da aka yi da ita. Tana kirana maigida, irin wasan kaka da jika, kullum tana ƙorafin na bar ta ba cefane. Zamanmu ya yi daɗi ƙwarai. Kafin ta ji mutum sai ya yi ihu, ni kuwa ban iya ihu ba, saboda haka ita ke magana, ni ke gyaɗa kai.

Ranar farko da na zauna a bakin gadonta da jita a cinya, ta daɗe tana kallon yatsuna.

"Maigida, mi kake sosa wa katakon ga? Ƙaiƙayi yake ji?"

Na gyaɗa kai.

"To sosa mashi. Ni da nake matarka ko bayana ba ka taɓa sosa mani ba."

Ni mutum ne da ba na iya riƙe abu ban san yadda aka yi shi ba. Kafin in koyi bugu ɗaya mai daɗi, na riga na ƙare wa tsirkiyoyin kallo. Shida ne, kuma ba biyun da kaurinsu ya zo ɗaya. Ta ƙasa siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, muryarta sama, irin ta tsuntsu. Suna hawa suna ƙara kauri har ta shida, wadda ta kai tsinken tsintsiya, muryarta ƙasa kamar sa yana gunji a nesa. Masu kaurin ma ba ƙarfe ɗaya ba ne, wata 'yar waya aka nannaɗe a kan wata, in ka ja farce a kai sai ka ji ƙir-ƙir.

Sauran bayanin a wayar hannun wani abokina na karanto shi, a tsaye, yana cewa in yi sauri cajinsa zai ƙare. Ashe tsirkiyar jita shida-shida ake sayar da ita a ƙunshi ɗaya, kuma kowane ƙunshi da lambarsa. Lambar nan kaurin siririyar cikinsu ce, kashi kaza cikin dubu na inci. Akwai goma, akwai sha ɗaya, sha biyu, sha uku. In siririyar ta ƙara kauri, sauran biyar ma sai su bi ta. Tsakanin goma da sha uku ido ba ya ganin wani abin kirki, yatsa ne ke gani. Lamba goma tana da laushin dannawa, ba ta ja wa jita wuya sosai, kuma muryarta ba ta da nisa. Sha uku sai mai ƙarfin hannu. Tana cika ɗaki da ƙara, tana kuma jan katako kamar bijimin da ya hango ruwa. Da na kai nan sai na gane abin da malami ya yi mani ihu a kai ta tagar mota, na kuma gode wa Allah. Wanda ya ƙirƙiro lamba goma, ko shakka babu, yana da uba irin nawa.

Muka zauna lafiya, ni da jita da Kaka, har wani hantsi da tsirkiya ta biyar, ɗaya daga cikin masu kaurin, ta warware ta tsinke. Na tafi wurin mai gyaran keke a Mairuwa na tsaya kusa da shi har ya gaji ya tambaye ni abin da nake so. Ya ce ai masu kuntigi silin wayar birki suke ɗaurawa, ya warware mani sili ɗaya mai tsawo. Na ɗaura. In na sassauta shi don ya ba da babbar murya, sai ya yi ta lilo yana zuza kamar ƙuda a cikin gora. In na ɗaure shi tamau, sai ya koma kukan tsuntsu, ya zama abokin siririyar ƙasa. Na kwance shi. Babbar murya sai babban jiki, ba dabarar da za ta sa sili ya yi gunjin sa.

A duk ƙasarmu, daga Faskari har Sabuwa, ban san shagon da ake sayar da tsirkiyar jita ba. Mutum ɗaya na sani mai zuwa Kano, shi ne Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, a Sabuwa yake zaune, yana kai masara da waken suya Kano. In zai wuce ko zai dawo sai ya ratso gidanmu ya gaida yayarsa, ya share kwanon tuwo. Muryarsa tana riga shi shiga gida. A wurin sayayya kuwa doka ɗaya ya sani: duk abin da za ka saya, ɗora shi a tafin hannu ka ji nauyinsa. Igiya, bokiti, takalmi, fitila, ko kwaɗon ƙofa, wanda ya fi nauyi shi ne na gaskiya, mara nauyi kuwa an yi shi ne don a cuci ɗan ƙauye. Da wannan dokar ya yi arziki, don haka ba mai iya ja da shi.

Na bi shi har bakin mota ina murza hannu. Na faɗi buƙatata ina kallon tayar.

"Mi? Ɗaga murya, ɗan nan, ba zance muka zo ba!"

"Wayar jita, Kawu. Lamba goma. Siririya."

"Wayar garayar taka? Goma, ashirin, duk na ji. Bar mani."

Ranar da ya dawo, Baba yana gona, Kaka kuma an tafi da ita barka Tafoki. Kawu ya shigo yana dariya tun daga zaure, ya zaro ƙunshi daga aljihun gaba ya ɗaga sama kamar wanda ya ciyo kyauta.

"Ɗan nan, da kai ka je da sun yi maka wayo! Yaron shagon ya miƙo mani wata kamar gashin jariri. Na ce, kai, ba ka da ta maza? Ya zubo mani kala-kala, wai duk farashi ɗaya. Farashi ɗaya! Na ɗora wannan a hannu, na ɗora waccan. Na ce, yaro, ni buhu nake aunawa tun ba a haife ka ba. In kuɗin ɗaya ne, ba ni wadda ƙarfe ya fi yawa."

Na karɓa da hannu biyu. A jikin takardar an rubuta sha uku, baro-baro.

A wurinmu ba a ce wa kawu tsarabarsa ba ta yi ba. Ko mai baki ba ya faɗa, balle ni. Na durƙusa na ce, "Na gode, Kawu, Allah ya ƙara buɗi." A raina ina cewa in ya tafi sai in ɗauki ta biyar kaɗai in ɗaura, sauran in ɓoye.

"Amin. To ɗauko ta mu gani. Ba na tashi sai na ga an sa."

Haka ya zauna a kan turmi a ƙofar ɗakin Kaka, ya harɗe ƙafa, na kwance tsofaffin guda biyar ina ɗaura sababbi ɗaya bayan ɗaya. Duk murɗa kunnen jitar da na yi sai katakon ya ce ƙas, zuciyata ma ta ce ƙas.

"Ka ji ko?" in ji Kawu. "Yanzu ta san an ɗaure ta. Waɗancan ai wasa suke yi da ita."

Da ya tafi na nannaɗe tsofaffin, na shafa masu man gyaɗa don tsatsa, na sa a gwangwanin madara na tura ƙarƙashin gadon Kaka. Na so in mayar da su a take, amma Kawu ya ce duk ratsowar da zai yi sai ya duba kayansa, kuma Kawu ba ya mantuwa.

Abin da na karanta a tsaye, yanzu na karanta shi da fata. Kan yatsuna huɗu suka yi ja, suka tashi, suka fashe, suka yi kanta. Mahaifiyata ta kama hannuna wata rana ina miƙa mata kwano, ta juya shi ta ce, "Ikon Allah. Kai da fartanya ba ku gaisawa. Alƙalami ne ya yi maka haka?" Ciwon yatsa ma da sauƙi. Abin tsoron shi ne murya. Jitar da da take raɗa, yanzu ko gwiwa ta buge ta sai ta amsa. Na rasa yadda zan yi, sai na ga wani tsohon ɗankwali a kan ƙofar Kaka, na cusa shi ta bakin jitar har ciki. Muryar ta dushe kamar mai mura. Na riƙa taɓa ta da tsokar babban yatsa, a hankali, kunnena ɗaya a zaure.

Wata rana bayan azahar, Baba yana kishingiɗe a zaure, ina zaune a bakin gado ina ɗan taɓawa, Kaka ta fara neman ɗankwalinta. Ta ɗaga filo, ta leƙa bayan tukunya, ta zargi kaji, ta zargi ƙannena. Can idonta ya faɗa kan bakin zanen da ya leƙo daga cikin jitar.

"La ila! Ɗankwalina ka ba katako ya haɗiye? Ba ka saya mani ba, wanda nake da shi ma sai ka ciyar?"

Kafin in motsa ta kai hannu ta fizge shi. Awarwaron da ke hannunta ya shafi tsirkiya ta shida, mai kaurin duka. Jitar, da cikinta ya zama wayam, ta saki wani gunji da ya zaga ɗakin har ƙwaryar da ke rataye ta amsa.

Na dafe tsirkiyoyin da tafin hannu. Kaka kuwa ta tsaya cik, ɗankwali a hannu, ta karkata kai.

"Wa ke shiɓa?"

Na nuna mata jitar.

"Ƙara in ji."

"Kaka, Baba yana zaure," na ce.

"Mi?"

Na nuna zaure da baki.

"Ƙara na ce!"

Na taɓa ta shida a hankali. Ta matso, ta ɗora tafin hannunta a kan cikin jitar, ta rufe ido. Na taɓa ta biyar.

"Ita ce," ta ce. "Wallahi ita ce. Bakan shiɓa."

Ni ban tashi na iske ana shiɓa ba, amma na san bakan, yana nan soke a rufin ɗakinta, ƙaramin baka mai tsirkiya ɗaya. Ta ce in kaka ta yi aka ciro auduga, matan gidansu sukan zauna a inuwa, wasu na gurza suna fidda angurya, wasu na kaɗa tsirkiyar baka a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi, sannan a kai ga mazari. Ta ce tun daga bakin rijiya kake jin gidan da ake shiɓa. Ta bi tsirkiyoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan masu kaurin.

"Waɗannan biyu abawa ce," ta ce, wato zare mai kauri. "Sauran zare ne, ba ruwana da su. Buga mani abawar."

Abin da ban faɗa ba tun farko shi ne, Kaka, da yake ba ta jin kanta, in tana magana har makwabta suna amsawa.

"Da ƙarfi, maigida! Ko ba ka ci tuwo ba? Buga garayar nan yadda maza ke bugawa!"

Na duba ƙofa, na duba fuskarta. Rabon da in ga ta washe baki haka har na manta. Na ce a raina motar Funtuwa dai ta riga ta tsaya, bari in hau da dalili. Na buga.

Ba a jima ba inuwa ta rufe ƙofa. Baba ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofar kamar yadda ya saba in zai gaida mahaifiyarsa. Bai dube ni ba.

"Inna, yaron ga mun yi magana da shi."

"Mi?"

Baba ya gyara murya. "Na ce mun yi magana da shi."

"Ɗaga murya, bakinka kaɗai nake gani, kamar kifi!"

A ranar na ji abin da ban taɓa ji ba. Baba, wanda ko akuya ba ya yi wa tsawa, ya buɗe baki ya yi ihu har kaji suka watse: "Na ce mun yi magana da shi a kan abin ga!"

"To ai ni ba ku yi da ni ba," in ji Kaka. Hannunta yana nan a kan jitar. "Kai, tsaya in tambaye ka. Yaushe rabona da in ji wani abu in ba injin niƙa da tsawa ba? Jikokina suna dariya, haƙora nake gani. Kiran salla sai an taɓa ni. Yau Allah ya kawo abu ɗaya da kunnena ya kama, shi ne za ka zo ka tsuguna mani a ƙofa?"

Baba yana kallon tabarma. Ni kuma ina kallon ƙafata, ina jin mahaifiyata a bayan rumbu tana ƙoƙarin danne dariya da tari.

Can ya miƙe. Bai ƙara yin ihu ba, da ni ya yi magana, da muryarsa ta kullum.

"Kayan ɗakin Inna ba ni da iko da su. Daga yau tata ce, kai ɗan aike ne. Kada ta ƙetare ƙofar ga. Ranar da Inna ta ce ta gaji da ita kuwa, maganata tana nan inda na ajiye ta."

Ya sa takalmi ya tafi. Kaka ta ce, "Mi ya ce?" Na ɗaga mata babban yatsa. Ta ce, "Ai na sani. Buga."

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe saura ta katako. Ina da al'adar auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuyan jitar da tsinken ashana. Da, tsinke ɗaya ne ke shiga da ƙyar. Wata safiya na ga biyu sun shige suna rawa. Na ɗaga ta na hango ta daga kai, yadda kafinta ke hango katako, na ga wuyan ya fara lanƙwasa. Na juya wurin ɗan katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kai, wanda masu garaya ke ce wa jaki, na ga bayansa ya ɗaga har ganyen dogonyaro yana shiga. Tsohuwar jita ce mara ƙwari, ba a yi ta don sha uku ba. In na bar ta haka, wata rana jakin zai ɓalle, mahaifiyata ta sami iccenta ba tare da Baba ya ce komai ba.

Na jawo gwangwanin madara. Na kwance na Kawu duka, na samo gam wurin kafinta na liƙe jakin, na danne shi da ƙamus da littafin lissafi da na kimiyya. Ban taɓa ganin amfanin nauyinsu kamar ranar ba. Kaka ta yi ta tambaya yaushe mara lafiya zai tashi. Da gam ya kama, na mayar da tsofaffin lamba goma guda biyar, na bar ta biyar kaɗai daga cikin na Kawu tunda tawa ta tsinke. Na zauna na fara bugu. Yatsuna suka ji kamar sun taka katifa.

Kaka ta ɗora hannu, ta karkata kai, ta jira.

"Ka fara?"

Na gyaɗa kai.

"Ƙarya kake. Ɗaya nake ji, ita ma kamar marainiya. Ina babbar?"

Na buga tsohuwar ta shida da iyakar ƙarfina. Ta girgiza kai.

"Ta mutu. Ka kashe mani ita da littattafanka." Ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya, "A faɗa wa uban yaron ga ya zo ya ɗauki gawa!"

Ban san ina da sauri ba sai ranar. Na ɗaga mata hannu biyu ina roƙo, na warware tsohuwar ta shida, na zaro ta Kawu na zura, ina murɗa kunne. A ido, bambancin tsirkiyoyin nan biyu bai kai kaurin farce ba. Na sassauta duka shidan kaɗan don wuyan ya huta, na daidaita su, na ja numfashi, na saki babban yatsa a kan mai kaurin.

Kaka ta lumshe ido.

"Yawwa. Abawa ta dawo." Ta buɗe ido ɗaya. "Zaren fa, suna nan?"

Na buga mata siraran huɗu.

"Ni dai ban ji komai ba. Naka ne, ka yi ta fama. Biyu nawa, huɗu naka, kada in ji an taɓa mani rabona."

Na sa tsinken ashana washegari, na sake sawa bayan kwanaki. Wuyan bai koma yadda yake da ba, amma ya tsaya inda yake, jaki kuma ya zauna. Haka na koyi jita: duk abin da sauran yatsu za su yi a kan siraran, babban yatsa ba ya barin abawar Kaka, don in ya bari za a kira mai ɗaukar gawa. Har yau in na buga a gaban abokai sukan ce ina kiɗa kamar mai aikin auduga.

Kawu ya gane a ratsowarsa ta gaba. Ya ƙirga da yatsa ya ce, "Ina sauran ƙarfena huɗu?" Mahaifiyata ce ta cece ni, ta ce ɗaya tana wurinta tana yanka sabulu da ita, ba ta taɓa samun abin yanka irinta ba, wata kuma Baba ya ɗaure ƙotar fartanya da ita. Kawu ya ce, "Kun gani? Kayan kirki ba ya rasa aiki," ya huce.

Ana gab da komawa makaranta, tsofaffin siraran suka fara gajiya, ɗaya ta yi tsatsa duk da man gyaɗa. Ina tunanin yadda zan sake bin Kawu bakin mota, sai aka ce Baba yana kira a zaure. Na iske su biyu a kan tabarma, Kawu yana shan fura.

"Kawunka zai shiga Kano," in ji Baba, yana kallon ludayi. "Kayan Inna sun tsufa. Faɗa mashi lambar. Kai kuma, wannan karon ka saurara."

"Ƙunshi biyu, Kawu," na ce. "Goma da sha uku."

"Mi? Ɗaga murya!"

Na tuna ranar da kaji suka watse. In Baba ya iya, ni ma ɗansa ne.

"Goma da sha uku! Biyu daga mai kauri, huɗu daga siririya!"

Kawu ya ajiye ludayi ya dube ni. "Ashe akwai murya a ciki. To mai gashin jaririn mi za a yi da ita? Asarar ƙarfe."

"Ka sayo dai yadda ya ce," in ji Baba. Na yunƙura zan tashi, sai ya ƙara, har yanzu bai dube ni ba, "Kuma siririyar nan ta ƙasa tun jiya ta saki. A ɗaure ta."

Kawu ya buɗe baki. "Malam, ashe kai ma..."

"Ni ban ji komai ba," Baba ya ce. "Inna ce ta yi ƙorafi."

Na ce to. Na wuce bayan rumbuna, na ɗauko jitar na gwada siririyar, wadda Kaka ba ta taɓa ji ba ko sau ɗaya. Ta saki kuwa. Na murɗa kunnen kaɗan.